Ba A Ranar Saye Ake Sanin Tsadar Jirgin Yaƙi Ba

Ranar 27 ga Janairu, 2014, aka gwabza wani yaƙi wanda ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba a cikinsa, amma sai da manyan kafofin watsa labarai na duniya suka ɗauki labarinsa. A cikin wasan kwamfuta mai suna EVE Online aka yi shi, a wani lungu na sararin samaniya da ake kira B-R5RB. Matuƙa sama da 7,500 ne suka shiga, aka shafe kimanin awa 21 ana ɓarin wuta. Da ƙura ta lafa, an tarwatsa jiragen taitan 75, wato mafiya girma da tsada a duk wasan, ban da ɗaruruwan manyan jirage da ke biye musu. Da aka ƙiyasta asarar da kuɗin duniya, sai ta kai wajen dala 300,000.

Masu ba da labarin sun fi son tsayawa a kan waɗannan alƙaluma. Ni kuwa mafarin rigimar ne ya fi ɗaukar hankalina. Babu wanda ya tsara wannan yaƙi. Ƙungiyar da ke riƙe da yankin ce kuɗin mallaka da ake biya duk wata bai fita daga asusunta a kan lokaci ba. Nan take ikonta a kan yankin ya faɗi, tashar da rundunar Pandemic Legion ta jibge kayan yaƙinta ta zama ta mai ƙarfi, abokan gaba kuwa suka yi mata ca. Takardar biyan kuɗi guda ɗaya ta jawo ƙonewar abin da dubban mutane suka yi shekaru suna tarawa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ba na jin daɗin yadda ake gardamar jiragen yaƙi a irin waɗannan wasanni. Duk inda aka haɗu, tambayar ɗaya ce: wane jirgi ya fi ƙarfi? Sai a jera alƙaluman ƙarfin wuta da kaurin sulke, a raba da farashi, a yanke hukunci. Ina ganin wannan ma'auni gurgu ne, kuma ya yaudari 'yan wasa, ya yaudari ma waɗanda suka ƙirƙiri wasannin. Jirgin yaƙi ana auna shi ne da abin da yake ci kullum kafin ranar yaƙi, da yawan mutanen da ke tsaye a kansa, da ko mai shi zai iya jure asararsa.

Ga wanda bai san wasan ba

Kamfanin CCP Games da ke Reykjavik, babban birnin ƙasar Ayislan, shi ya fitar da EVE Online a 2003. In ka cire ƙasar Sin da ke da nata ɓangaren, dukkan 'yan wasan duniya a fili ɗaya suke, mai rukunin taurari sama da 7,000. Kusan kowane jirgi 'yan wasa ne suka haƙo ma'adinansa, suka tace, suka ƙera, suka kai kasuwa. Idan aka harbe shi ya tafi ke nan, babu maɓallin da za a danna ya dawo. Tattalin arzikin wasan ya yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Dokta Eyjolfur Gudmundsson, domin ya riƙa sa ido a kai.

Dalolin da ake ambata kuwa ƙiyasi ne. Mutum na iya sayen wata shaida mai suna PLEX da kuɗin gaske ya sayar da ita a kasuwar wasan, daga nan ake samun farashin canji. Amma dokar wasan ba ta yarda a mayar da kuɗin ciki zuwa aljihu ba. Abin da ke ƙonewa a irin wannan yaƙi shi ne darare da ranakun hutun mutane, kuma waɗannan sun fi dala wuyar mayarwa.

Abin da jadawali ba ya nunawa

Bari mu yi wani ɗan lissafi na misali, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙi. Ga jirage biyu. Na farko kuɗinsa 1,000, yana cin 10 a wata. Na biyu kuɗinsa 1,200, yana cin 25 a wata, amma ƙarfin wutarsa ya ɗara na farko da kashi 30 cikin ɗari. Mai duba jadawali zai ce na biyu ya fi, tunda ka ƙara kashi 20 a farashi ka samu ƙarin kashi 30 a wuta. To, a riƙe su shekara goma, wata 120 ke nan. Na farko ya tashi a kan 2,200, na biyu a kan 4,200. Ashe abin da zai riƙe maka jirgi ɗaya na biyu ya kusa riƙe maka biyu na farko.

Yawan kuma ba a lissafa shi ɗaya bayan ɗaya kawai. A 1916 wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya nuna cewa a yaƙin da kowa ke iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninka da kansa. Wanda ya ninka ka sau biyu a yawa ya fi ka sau huɗu a fagen fama, domin duk lokacin da ya kakkaɓo maka jirgi ɗaya, wutar da ke zuwa kansa ta ragu, tasa kuwa tana nan kusan yadda take. Magabata sun riga Lanchester faɗa: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wannan ba baƙon tunani ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin barga. Ranar da aka sayo ingarma ana murna, amma daga washegari ake fara sanin kuɗinsa: harawa, dusa, kanwa, magani, da yaron da ba shi da wani aiki sai shi. Jadawalin da ke kwatanta jirage yana nuna maka ingarman ne ranar hawan salla, da ado da kwalliya. Ba ya nuna maka sauran kwanakin shekara.

Makara mai tsawon kilomita goma

Ɗauki taitan ɗin kansa. Tsawonsa ya haura kilomita goma. Yana da makamin da ke iya halaka babban jirgi a bugu ɗaya, yana kuma iya buɗe wa ayarin jirage gada su tsallake nisan taurari da yawa a ƙiftawar ido. A kan takarda babu kamarsa. Yanzu a duba abin da yake nema.

Matuƙinsa sai ya yi watanni masu yawa yana horo, domin a wannan wasa koyon fasaha da agogon duniya yake tafiya. Ƙirarsa tana ɗaukar makonni, a masana'antar da ke cikin yankin da ƙungiya ta mallaka, wanda dole a biya kuɗin mallakarsa a kuma tsare shi, tunda abokan gaba na iya rusa masana'antar jirgin yana ciki. Ba ya yin dogon tsalle sai wani jirgin ya riga shi zuwa ya kunna masa fitilar jagora. Kowane tsalle yana ƙona makamashin da ake tacewa daga ƙanƙara, wadda sai wani ya zauna ya haƙo, wani ya yi dakonta ta hanyar da 'yan fashi ke tarewa. Sannan akwai wani matsakaicin jirgi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na taitan, da ke iya dabaibaye shi ya hana shi gudu har sai maharba sun iso. Saboda haka ba ya fita sai da rakiya.

Kafin 2016 ma babu tashar da ke iya ɗaukarsa. Wanda ya shiga ba shi da inda zai ajiye shi ya sauka hankali kwance, domin jirgin da aka bari babu kowa ana iya sace shi. 'Yan wasa suka laƙaba masa makarar sararin samaniya. Da yawa sai da suka buɗe asusu na biyu, suna biyan kuɗin wata da kuɗin gaske, don kawai a samu mai zama a cikinsa.

Taitan na farko ƙungiyar Ascendant Frontier ce ta kammala shi a 2006. Bai ga ƙarshen shekarar ba. Matuƙinsa ya fita daga wasan alhali jirgin bai ɓace daga fili ba tukuna, abokan gaba suka gano shi suka ragargaza shi ba tare da ya mayar da harbi ba. A Janairun 2013 kuma, a wani wuri mai suna Asakai, wani matuƙi ya yi niyyar buɗe wa rundunarsa gada, sai ya danna maɓallin da ya wurga jirginsa shi kaɗai tsakiyar maƙiya. Da ƙaramin jirgi ne, da an yi dariya an wuce. Da yake taitan ne, dole aka tura manyan jirage ceto, su ma aka dabaibaye su, kafin a ankara mutum kusan dubu uku sun hallara, ɓangarensa ya tafka asara mai yawa. Babban jirgi yana jan ragamar masu shi: inda ya faɗa, nan za su bi shi, ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Kuskuren masu wasan

Kada a ɗauka 'yan wasa kaɗai ne suka faɗa wannan rami. Lokacin da aka shigo da taitan a ƙarshen 2005, lissafin masu wasan shi ne tsadarsa za ta hana shi yawa. Sun ɗauka farashi katanga ne. A 2006 guda ɗaya abin labari ne. A 2014 an kashe 75 a yaƙi ɗaya. A daren 30 zuwa 31 ga Disamba, 2020, a yaƙin M2-XFE, an kashe 257, har kundin bajinta na Guinness ya shigar da shi, da ƙiyasin asarar dala 378,012.

Me ya rushe katangar? Farashi sau ɗaya ake biyansa, dukiya kuwa taruwa take yi. Abin da ya gagari ƙungiyar mutum ɗari bana, ƙungiyar mutum dubu goma za ta saye shi baɗi, ta ƙara wani shekara mai zuwa. Duk wahalhalun da na lissafa a sama kuwa suna da wata siffa guda: suna kan matuƙi ɗaya ne ko ƙaramar ƙungiya, babbar ƙungiya kuwa tana raba su tsakanin dubban mutane har a daina jin nauyinsu. Jirgin kansa, idan mai shi ya fita daga wasan da shi lafiya, ba ya cin ko anini. Ba ya tsatsa, ba ya neman gyara, babu ma'aikatan da za a biya albashi. Wanda ya ƙera a 2012 yana nan daram har ranar da aka harbe shi. Kayan da ba ya ruɓewa, ba ya cin abinci, kullum kuma ana ƙera sabo, ai sai ya cika gida.

Kamfanin ya yi ta gyara, amma ta gefen ƙarfi. A 2009 aka mayar da babban makamin taitan mai bugun jirgi ɗaya, maimakon share duk abin da ke fili. A 2014 aka ɗora wa matuƙa gajiyar tsalle, don kada su riƙa keta sararin wasan cikin mintoci. Sai kuma 2016 ta zo da abubuwa uku da suka sauƙaƙa riƙon: katafariyar tasha mai suna Keepstar wadda taitan ke iya shiga ya huta, da damar sayen horo a kasuwa maimakon jiran watanni, da ƙarfafa wani babban jirgin haƙar ma'adinai mai suna Rorqual har ma'adinai suka yi ambaliya. Da abin ya yi yawa, sai aka koma ga tsohon magani: daga 2020 aka ƙuntata ma'adinai, a Afrilun 2021 kuma aka sauya tsarin ƙira har farashin manyan jirage ya yi tashin gwauron zabo.

Wa wannan ya taimaka? Waɗanda suka riga suka tara. Tsada a bakin ƙofa ba ta taɓa wanda ke cikin ɗaki. Ta hana sababbi shiga, ta kuma sa masu jiragen suka ƙara jin tsoron fito da su, tunda wanda ya rasa nasa mayarwa sai an sha wuya. Aka wayi gari da jirage mafiya ƙarfi a wasan suna kwance a tasha ana kallonsu. Jirgin da mai shi ke tsoron asararsa har ya kasa fita da shi ya tashi daga makami ya koma kadara.

Wata hanyar

Akwai wasan da ya bi ta ɗaya ƙofar. Stellaris, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016, yana sa ka mulki daula ce a sararin samaniya. A can kowane jirgi yana karɓar rabonsa daga baitulmali duk wata, na makamashi da na ƙarfe, ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya. Kowace daula tana da iyakar jiragen da za ta iya riƙewa, kuma a tsarin da wasan ya daɗe a kai, mafi ƙanƙantar jirgi yana cin gurbi 1, na gaba 2, sai 4, babban jirgin yaƙi 8, taitan 16. Ba a hana ka wuce iyaka ba, amma da zarar ka wuce, ɗawainiyar dukkan jiragenka ce za ta hau, ba ta sababbin kaɗai ba. Idan baitulmali ya ƙare, rundunar da kake taƙama da ita sai ta fara rauni tun kafin ta ga maƙiyi.

Wannan tsari ya taɓa tona wa masu bautar alƙaluma asiri. A 2017 'yan wasa suka gano cewa tarin ƙananan jirage tsirara, masu ɗauke da makaman farkon wasa mafiya araha, suna cinye rundunar da aka ƙawata da sababbin makamai, muddin kuɗin da aka kashe ɗaya ne. Kowane sabon makami yana ƙara kuɗin ƙira da na riƙo fiye da ƙarfin da yake ƙarawa. Wato mutum ya yi shekarun wasa yana bincike don ya raunana kansa bai sani ba. Kamfanin ya gyara daga baya, amma darasin ya zauna.

Har yau wasan yana rubuta wata lamba a gefen kowace runduna wai ita ce ƙarfinta, kuma duk gogaggen ɗan wasa ya san ba a rantsuwa da ita. Manyan bindigogi suna kuskuren ƙananan jirage masu zulliya. Makamin da ke fasa garkuwa ba shi ne ke huda sulke ba. Runduna mai babbar lamba na iya shan kashi a hannun wadda aka shirya takanas dominta. Ba ina cewa Stellaris ya warware komai ba, domin a can ma daular da ta fi arziki ita ke fin jirage. Amma aƙalla tambayar da wasan ke tilasta maka kullum ita ce ta gaskiya: nawa zan iya ciyarwa, kuma har zuwa yaushe?

Hujjar masu ja da ni

Masu son manyan jirage suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Na farko, za su ce a B-R5RB ɓangaren da ya fi tara taitan a fili shi ya yi nasara: ya rasa 16, abokan karawarsa suka rasa 59. Gaskiya ne. Na biyu, za su ce jirgin da ke kwance ma aiki yake yi, domin tsoronsa kaɗai yana hana a kawo hari. A EVE ƙungiyoyi sun yi shekaru suna haƙar ma'adinai a ƙarƙashin inuwar manyan jiragensu, kowa ya san wanda ya taɓa su zai ga taitan a kansa. Tarihin duniya ma yana goya musu baya. Jirgin yaƙin Jamus, Tirpitz, ya ƙare yawancin rayuwarsa a lungunan tekun Norwe, amma a Yulin 1942 tsoron fitowarsa kawai ya sa hukumar sojan ruwan Ingila ta umarci ayarin jiragen kaya mai lamba PQ 17 ya watse, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka nutsar da 24 daga cikin 35.

Na yarda da duka biyun, amma a duba abin da suke tabbatarwa. Waɗanda suka yi nasara a B-R5RB sun yi ne domin sun iya tayar da matuƙansu cikin gaggawa, sun riga kama filin, ƙananan jiragensu kuma suka tare hanyoyin da agaji zai biyo. Taitan ɗin jinka ne, waɗannan su ne ginin da ke ɗauke da shi. Tsoratarwa kuma tana aiki ne muddin maƙiyi ya yarda za ka fito. Ranar da ya gane ba za ka iya jure asara ba, ko ba ka da man fita, kurarin ya ƙare.

Ga ɗaya fuskar tarihin. Yamato na Japan, wanda shi da ɗan'uwansa Musashi babu jirgin yaƙi mai manyan bindigogi da ya kai su girma, ya daɗe a tsaye a mashigar Truk har sojoji suka riƙa kiransa otal. Yana shan mai da yawa a ƙasar da mai ke mata wuya, kuma darajarsa ta kai a ji tsoron jefa shi cikin haɗari. Da aka tura shi Okinawa a ƙarshe, jiragen saman Amurka suka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu, 1945, tun bai isa ba, da rayuka kimanin dubu uku.

A wasan ma haka ta faru. Bayan zagayen farko na M2-XFE, inda asarar ɓangarorin biyu ta yi kusan kunnen doki, gamayyar da ake kira PAPI ta dawo a farkon Janairun 2021 ta yi ƙoƙarin zubo dubban jirage a filin da rundunar Imperium ta riga ta cika. Babbar kwamfutar wasan ta kasa ɗauka. Taitan masu yawa suka maƙale a can, matuƙansu suka fita daga wasan, masu tsaron gida kuwa suka kafa kawanya suna jira dare da rana har tsawon makonni. Jiragen suna nan lafiya, ƙarfin wutarsu bai ragu ko kaɗan ba a kan takarda, amma ba su da amfani ga kowa. A Agustan 2021, bayan fiye da shekara ana fafatawa, PAPI ta janye. A fahimtata, abin da ya ƙare mata shi ne haƙurin mutanen da ke tashi tsakar dare suna gadi da dako, kuma babu jadawalin da ke da gurbin wannan.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a wasan sun san haka. Shi ya sa suke tsayar da nau'in jirgin da kowa zai hau a yaƙi, su cika kasuwar sansaninsu da shi, su kuma ware asusun biyan duk wanda ya rasa jirginsa a bakin aiki. Ba su tambayar wane jirgi ya fi a karon farko. Suna tambayar wane jirgi za su iya rasawa yau, gobe da safe mutanensu su fito da irinsa.

"Wasa ne fa"

Saura masu cewa duk wannan ɗaukar dala ba gammo ne: mutum ya dawo daga ofis a gajiye, ya zo ya huta, sai a ce ya zauna lissafin mai da kuɗin haya? Amsata ita ce a duba labaran da 'yan wasan kansu ke bayarwa bayan shekaru. Takardar da ba a biya ba, maɓallin da aka danna bisa kuskure, rundunar da aka tsare a kawanya. Dukkansu daga nauyin riƙo suka fito. Wasan da jirgi ba ya cin komai, ba ya neman kowa, ƙarshensa wanda ya riga tarawa ne zai zauna a sama har abada, sauran su gaji su tafi.

Kuma wasan yana koyar da abin da rayuwa ke koyarwa da tsada. Jirgin da ya daɗe yana jagorantar rundunar sojan ruwan Nijeriya sunansa da Hausa ne, Aradu. A Hamburg ta Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 1982, kuma a zamaninsa yana cikin jirage mafiya ƙarfi a Afirka. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Amma ya shafe shekaru masu yawa na rayuwarsa a ɗaure a bakin tasha yana jiran gyara. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin sayen kaya ya san yadda ake samun kuɗin sayen sabuwar na'ura cikin sauƙi, da yadda ake rasa na kayan gyaranta bayan shekara biyu. A wasa aƙalla kana ganin sakamakon kuskurenka cikin mako guda, kuma babu wanda ya mutu.

Saboda haka, idan aka sake kawo maka jadawalin da ke cewa wannan jirgi ya fi wancan, kada ka yi gardama da alƙaluman, mai yiwuwa daidai ne. Ka tambayi mai jadawalin abu huɗu. Me jirgin yake ci a watan da ba a yi yaƙi ba? Mutum nawa ne za su yi aiki kafin ya iya fita, kuma za su jure har yaushe? Mene ne mafi arahar abin da zai iya tsayar da shi? Idan aka harbe shi yau, kwana nawa kafin ka fito da wani? Wanda ya amsa waɗannan huɗu ya kwatanta jirage. Wanda ya kasa, farashi kawai ya karanta maka.

Masu ƙera wasanni kuma, in suna so dodo ya yi ƙaranci, su daina ƙara masa kuɗi a kasuwa. Su ba shi ciki, ya riƙa jin yunwa kowane wata, yunwar kuma ta ƙaru da yawan irinsa da ƙungiya ta tara. A nan ne mai taitan ɗari zai zauna ya yi tunanin ko hamsin sun ishe shi. A B-R5RB kamfanin ya bar tarkacen jiragen da suka mutu a matsayin abin tunawa, kowa na iya zuwa ya gani. Mai ziyara yana ganin girman ƙarafan, amma babu allon da ke nuna masa takardar kuɗin da ta kawo su wurin.